Na'urorin Tsaron Gida Masu Kebul da Marasa Kebul: Bayani ga Al'ummar Gaya da Ajingi

Sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan na'urorin tsaron gida, wato kyamarori da ƙararrawar gano ɓarawo, sun daina zama kayan bankuna da gidajen masu hannu da shuni na cikin birnin Kano kaɗai. A yau ba abin mamaki ba ne a ga kyamara maƙale a saman shagon mai POS ko mai cajin waya, ko a ƙofar ɗakin da ɗan kasuwa ke tara gyaɗa da wake bayan kaka. Tambayar da magidanta da jami'an ƙananan hukumomi ke yawan yi ita ce, wace iri ta fi dacewa, mai kebul ko marar kebul? Mai shago kan ba da amsa ne gwargwadon abin da ke kan kantarsa. Manufar wannan bayani ita ce a nuna cewa kowace daga cikin biyun tana da wurin da take gazawa, kuma abin da ya kamata mai saye ya duba shi ne wace gazawa ce ta fi kusa da gidansa.

Kafin a shiga bayani ya kamata a kawar da wani ruɗani. A Hausa kalmar waya tana nufin igiyar lantarki, tana kuma nufin wayar salula, har ta kai idan aka ce na'ura marar waya wasu kan zaci ana nufin wadda ba ta aiki da salula, alhali ita ce ma ta fi dogara da ita. Saboda haka a nan za a riƙa cewa kebul idan ana nufin igiya.

Yadda na'urorin ke aiki

Tsare dukiya da ƙarfe tsohon abu ne a ƙasar Gaya, wadda tarihin baka ya danganta maƙeranta, Abagayawa, da mazauna Dala na farko. Ita kuwa ƙararrawar lantarki a Amurka aka faro ta. A shekarar 1853 wani mutum mai suna Augustus Pope ya yi rajistar wata na'ura da ke kaɗa ƙararrawa idan aka buɗe ƙofa ko taga, kuma dabarar tasa ba ta canza sosai ba har yau. Ana maƙala wani ɗan maganaɗisu a jikin ƙofa, a sa abokinsa a jikin firam ɗinta. Muddin ƙofar na rufe, suna haɗe. Da zarar an buɗe sun rabu, sai saƙo ya tafi zuwa akwatin da ke sarrafa na'urar, shi kuma ya tayar da jiniya. Akwai kuma wata 'yar na'ura da ake sawa a kusurwar ɗaki, wadda ke jin motsin ɗumin jikin mutum ko dabba idan ya gitta ta gabanta. Sai kyamara, wadda ke ɗaukar hoto ta aika da shi wurin ajiya.

Bambancin da ake magana a kai yana kan hanyar da saƙon ke bi. A tsari mai kebul, kowace na'ura tana haɗe da akwatin ta igiya, kuma yawanci ta igiyar take samun wuta. A tsari marar kebul, kowace na'ura tana da ɗan batirinta, tana aika saƙo ta iska kamar rediyo, shi kuma akwatin yana ɗauke da layin salula wanda zai kira mai gida ko ya turo masa saƙo.

A nan akwai abubuwa biyu da jama'a ke yawan fahimta a baibai. Na farko, ana ɗauka cewa ɓarawo na yanke kebul shi ke nan ya gama da na'urar. Ga kyamara haka ne, hoton zai ɗauke. Amma ƙararrawar da ƙwararre ya haɗa yadda ya kamata, yanke kebul ɗinta daidai yake da buɗe ƙofar, nan take jiniya za ta tashi. Na biyu, yawancin kyamarorin da ake kira marasa kebul hoton kawai suke aikawa ta iska, wutar da suke ci kuwa sai an jona su a soket. Wadda ba ta bukatar igiya ko ɗaya ita ce mai batir da ɗan farantin sola a kanta, kuma irin wannan, domin ta tattala batir, barci take yi sai ta ji motsi sannan ta farka ta ɗauki ɗan gajeren hoto. Sau da yawa kafin ta farka mutumin ya riga ya juya baya.

Matsalar wutar lantarki

Wannan ita ce ƙashin bayan zancen. Kamfanin KEDCO, wanda ya karɓi aikin rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa a shekarar 2013, yana raba abin da ya samu ne daga babban layin ƙasa, kuma duk mazaunin karkara ya san yadda wuta take zuwa da yadda take tafiya. A watan Oktoba na 2024, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa, jihar Kano da maƙwabtanta sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Duk kyamarar da ta dogara da wutar NEPA kaɗai, a waɗannan kwanaki ado ce kawai a jikin bango, kuma ɓarawo ya fi kowa sanin lokacin da unguwa ke cikin duhu.

Ga ɗan lissafi da zai taimaka wa mai niyyar saye. Ƙaramar kyamara tana cin wuta kimanin wat 5. Guda huɗu sun ci 20, akwatin da ke naɗar hoto ya ƙara kimanin 15, jimla wajen wat 35. Adadin ƙarami ne, amma ba dare ba rana ake cinsa, don haka a cikin awa 24 ya kai 840. Batir mai bolt 12 da ake kira mai amfiya 100 yana ɗauke da kimanin 1,200 a rubuce, sai dai idan irin na gubar dalma ne ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Ke nan batir guda, wanda ba araha gare shi ba, ba zai riƙe kyamarori huɗu yini da kwana ba sai da farantin sola mai cika shi kullum. Duk wanda aka ba shi farashin kyamarori masu kebul ba tare da farashin batir da sola ba, rabin lissafi aka ba shi.

Ƙararrawa kuwa, ko da mai kebul ce, ba ta da wannan ci. Akwatinta kan zo da ɗan batir mai amfiya 7 wanda ke riƙe ta sa'o'i da dama bayan ɗaukewar wuta. Wannan ne ya sa a ganin mai wannan rubutu, magidanci mai ƙaramin ƙarfi ya fi dacewa ya fara da ƙararrawa kafin kyamara. Ƙararrawa tana tayar da mutane tun ana cikin ɓarna, kyamara kuwa yawanci sai da safe ake zama a kalli yadda aka tafi da akuyoyin.

Ta fuskar wuta, na'ura marar kebul ce ke da nasara, amma da sharaɗi. Ƙananan baturanta kan yi shekara biyu ko fiye bisa alƙawarin kamfanoni, kuma wannan alƙawari an yi shi ne bisa yanayi mai sauƙi. A bazara zafin Kano kan haura digiri 40, ƙarƙashin rufin kwano kuma ya fi haka, ga shi zafi yana rage kwanan kowane batir. Illar ita ce batir shiru yake mutuwa. Akwatin kan nuna alama, amma idan ba mai dubawa, sai a wayi gari ƙofar rumbu ta yi wata uku ba tsaro, mai gida kuwa yana barci da minshari.

Sabis na salula

Tun da aka fara wayar salula a Nijeriya a shekarar 2001, sabis ya bazu ƙwarai, amma bazuwarsa ba ɗaya ba ce. Kowace daga cikin ƙananan hukumomin nan biyu tana da faɗi, da ƙauyuka da rugage a warwatse har zuwa iyakar Jigawa. Abin da mutumin cikin garin Gaya ke samu ba lalle ne ya zama daidai da abin da na Kademi ko Shagogo ke samu ba, haka ma tsakanin Ajingi da Toranke ko Gurduba. Ko a gida ɗaya, wani lokaci sabis na soro ba ya kaiwa ƙuryar ɗaki. Saboda haka kafin a biya kuɗi, a ɗauki waya a tsaya daidai wurin da za a kafa na'urar, a gwada kira da safe, a gwada da dare, a kuma gwada da layin kamfani fiye da ɗaya. Kira da ɗan gajeren saƙo suna wucewa ko da sabis ya yi rauni, amma kallon hoton kyamara kai tsaye yana bukatar intanet mai ƙarfi da kuɗin data wata-wata, wanda ya ƙara tsada bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025.

Haka kuma layin da ke cikin na'ura layi ne kamar kowane. Tun daga watan Disamba na 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma layin da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya rufe shi. A tabbatar an yi rajistar layin da sunan mai gidan ko ofishin, ba da sunan wanda ya zo haɗawa ba. Wani darasin kuma ya zo daga maƙwabta: a watan Satumba na 2021 an rufe sabis baki ɗaya a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda dalilan tsaro, wasu yankunan har fiye da wata biyu. A irin wannan hali, na'urar da duk amfaninta shi ne turo saƙo ta waya ta tashi aiki, wadda ke da jiniya a jikinta, ko take ajiye hoto a cikin gida, ita ce ta ci gaba.

Irin ginin da yanayin wurin

Nisan da ake rubutawa a jikin kwalin na'ura marar kebul nisan fili ne fetal, inda ba bango ba bishiya. Gidajenmu kuwa ba haka suke ba. Katangar ƙasa mai kauri tana rage ƙarfin saƙo, musamman idan ta sha ruwan damina, ƙarfe kuma ya fi ta. Shagon kwantena, ko ɗakin ajiya mai ƙofar ƙarfe da rufin kwano, kusan akwati ne da ke tsare saƙo a ciki. A irin waɗannan wurare kebul ya fi tabbas, kuma irin kebul ɗin da kyamarorin zamani ke amfani da shi yana kai hoto da wuta tare har mita 100 ba tare da ƙarin wata na'ura ba, wanda ya isa yawancin gidaje da ofisoshi.

Sai dai kebul yana da nasa abokan gaba. Ɓera da gafiya suna gwaguyarsa, rana tana busar da robarsa har ta tsattsage, tsawa kuma idan ta faɗi kusa tana iya bin dogon kebul ta ƙona akwatin da duk abin da ke jone da shi. Maganin shi ne a zura shi cikin bututun roba, a sa masa na'urar kare tsawa, a kuma kafa ƙarfen da ke kai wuta ƙasa. Wanda ke cikin yin ginin bulo, lokacinsa ne mafi kyau: ya sa a binne bututun kafin a yi fulasta, ko da ba shi da kuɗin na'urar a bana, domin kuɗin bututu kaɗan ne idan aka kwatanta da fasa bango daga baya. Mai tsohon ginin ƙasa kuwa kada ya yarda a sassaƙe masa bango don a ɓoye kebul, tsagar da aka yi a rani ita ce ƙofar ruwa da damina. Ko dai a bi da bututun ta saman bango, ko a koma ga marar kebul. Ɗan haya da mai shagon da zai iya tashi gobe, marar kebul ce tasu, su kwance abinsu su tafi da shi.

Garke da gonar rani da ke nesa da gida su ne wuraren da ba a da zaɓi, domin ba mai jan kebul kilomita guda. A nan sai kyamarar sola mai layin salula, idan akwai sabis. A ɗaga ta sama inda hannu ba ya kaiwa, a kuma sani cewa ita kanta abin sata ce.

Akwai kuma abin da ya shafi iri biyun. Na'urar jin ɗumin jiki ba ta bambance ɓarawo da tunkiya. Idan aka kafa ta tana fuskantar tsakar gida inda dabbobi da kaji ke yawo, jiniya za ta riƙa tashi ba gaira ba dalili, kuma bayan sau uku ko huɗu maƙwabta za su daina fitowa. Wurinta shi ne cikin rufaffen ɗaki. Ƙarfinta kuma yana raguwa a tsakiyar bazara, lokacin da zafin bango ya kusa da zafin jikin mutum, don haka kada a dogara da ita kaɗai ba tare da maganaɗisun ƙofa ba. Da hunturu ƙura kan rufe gilashin kyamara da farantin sola, sai an riƙa sharewa da tsumma mai laushi.

Wa zai amsa kiran?

A manyan biranen Turai da Amurka akwai kamfanonin da aikinsu shi ne sauraron ƙararrawar gidaje dare da rana su turo ma'aikata. A karkararmu masu amsawa su ne mutanen gida da maƙwabta da 'yan sintiri. Saƙon da ya shigo wayar mai gida da ƙarfe 2 na dare, alhali yana fatauci a Legas ko wayar tana wurin caji, bai tsare komai ba. Don haka duk irin da aka zaɓa, a sa jiniya mai ƙara a waje, a sanar da mai unguwa da shugaban 'yan sintiri cewa an kafa ta, a kuma shigar da lambobin mutum biyu ko uku a cikin akwatin. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma ya kyautu kowane gida ya mallaki lambar ofishin 'yan sanda na yankinsa. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya: waɗannan na'urori maganin ɓarawon dare ne mai fasa shago ko kwance dabba. Idan masu ɗauke da makamai ne, ba a fita a tare su saboda jiniya ta tashi, jami'an tsaro ake kira.

Idan kyamara ta kama hoton wani, a miƙa shi ga 'yan sanda. Dokar Shaida ta 2011 ta ba kotu damar karɓar irin wannan hoto idan an cika sharuɗɗanta, shi ya sa yake da muhimmanci kwanan wata da agogon na'urar su zama daidai. Yaɗa hoton a Facebook ko WhatsApp kafin bincike na da haɗari, domin hoton dare bai cika fitar da fuska ba, kuma kama da wane ba ta wane. Ana iya jawo wa marar laifi duka ko zubar da mutunci, mai gidan kuma ya koma wanda ake tuhuma.

Sirrin gida

Wannan fanni masu sayarwa ba su cika taɓo shi ba. Kyamarar da ake iya kallo ta waya, duk wanda ke da lambar sirrinta yana iya kallo, ciki har da wanda ya haɗa ta. Da yawa kuma suna zuwa da lambar sirri ta kamfani wadda kowa ya sani. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kutsa cikin ɗimbin kyamarori da akwatunan naɗar hoto a faɗin duniya ta wannan kafa kaɗai, wato masu su ba su canza lambar ba. Don haka ranar da aka gama haɗawa, mai gida ya canza lambar da hannunsa. Kada a fuskantar da kyamara cikin gida inda iyali ke harkokinsu, ko ta leƙa katangar maƙwabci. Wurinta shi ne ƙofar gida da zaure da bayan katanga da turken dabbobi. Addini da al'ada sun hana leƙen asirin mutane, sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023. Ta wannan fuska tsari mai kebul da ba a jona shi da intanet ba ya fi rufin asiri, domin hoton ba ya fita daga cikin akwatin.

Ga jami'an ƙananan hukumomi

Sakatariya, asibitin sha-ka-tafi, ɗakin ajiyar taki ko magani, makaranta, da rijiyar burtsatse mai sola, gine-gine ne na dindindin, kuma kayan da ake nema a cikinsu sanannu ne: faranti da batura da famfo. A irin waɗannan wurare tsari mai kebul tare da sola tasa ya fi dacewa, domin ba ya jiran wani ya tuna da sayen data ko ƙananan batura. A kulle akwatin naɗar hoto a wani wuri daban da inda ake sa ran ɓarawo zai shiga, in ba haka ba ya haɗa da shi. A ware kuɗin gyara a cikin kasafi tun farko. Lambar sirri kuma ta kasance a hannun jami'ai biyu, a kuma sa ta cikin takardar miƙa aiki, domin sauyin wurin aiki na ma'aikaci ɗaya ya isa ya mayar da kayan da aka kashe wa kuɗin jama'a abin kallo.

Yawancin waɗannan kaya daga birnin Kano ake sayo su, a Sabon Gari da titin Beirut da Farm Centre, kuma farashinsu yana bin canjin dala, don haka a nemi farashi a shago fiye da ɗaya. A karɓi rasit da garanti a rubuce, a tambaya ko ana samun irin batirin na'urar a kusa, ko kuwa sai an shiga mota zuwa birni. Kada a cika kuɗin aiki sai an yi gwaji a gaban mai haɗawa: a kashe wutar gidan a ga ko na'urar ta ci gaba da aiki, a cire layin salula a ga ko jiniya za ta tashi, sannan bayan sallar isha'i a sa wani ya gitta ta ƙofar, a duba ko ana iya gane fuskarsa a hoton.